Ɗiyar Ma'u Dillaliya

"A hankali dai, kar ku karce mani suna," in ji Hajiya Hajo, tana tsaye a bakin titin Ƙofar Marusa da hannu ɗaya a ƙugu.

Maza biyu ne a kan tsani suna kwance allon shagonta, wanda aka rubuta Hajo Gidan Atamfa da manyan haruffa ruwan zinare. Shi ne shagonta na ƙarshe. Na Ƙofar Kwaya ya rufe bara, na Ƙofar Durbi ya bi bayansa da ƙaramar salla, yau kuma mai ginin nan yana jiran mabuɗinsa kafin magariba. Kaya sun yi tsada, haya ta hau, matan da a da suke ɗinka kala uku da salla yanzu ɗaya suke yi su gode wa Allah. Amma wanda ya ga Hajiya a safiyar nan zai rantse sabon shago take buɗewa. Ta ci ado da leshi ruwan goro, ta kafa ɗaurin ɗankwali, ta fesa turaren da ake ji tun daga tsallaken titi. Ita dai ta ce ko faɗuwa za ta yi, ba mai ganin ta a yamutse.

Abu ɗaya ya rage, shi ma ta riga ta yanke masa hukunci, wato shagon da autarta Zulaihat ta buɗe a intanet. Tun da yarinyar ta gama jami'a take ɗaukar hotunan atamfofi tana sawa a shafi, mutane su zaɓa ta waya a aika musu. Hajiya ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin kasuwanci ba. A wurinta shago shi ne inda akwai ƙofa da benci da fanka, inda mace za ta zauna a gaisa, a tambayi yara, kafin a zo maganar kaya. Don haka tun jiya ta gaya wa Zulaihat cewa ranar da aka sauke allo a rufe shafin ma. Ba ta son sunanta ya yi ta gantali a wayoyin mutane ba shi da mazauni.

Allon bai gama isowa ƙasa ba Zulaihat ta fito daga shagon da waya a hannu, fuskarta ba walwala. Wani ango mai aiki a Abuja, Jamilu, ya zaɓi atamfofi da lesukan lefensa kaf a shafinsu, ciniki mafi girma da shafin ya taɓa samu. To yanzu ya kira yana ba da haƙuri. Gwaggonsa, Hajiya Bilkisu ta Ƙofar Durbi, wadda za ta haɗa lefen, ta ce ba za a sa wa amarya zanen da ba ta taɓa da hannunta ba. Da ya ce ta je shago ta gani, sai ta ce wane shago, ai ta ji Hajo ta karye.

Wannan kalmar ta ƙarshe ce ta fi ƙona wa Hajiya Hajo rai. Duk birni an san Hajiya Bilkisu, ba bikin da yake wuce ta, ba labarin da yake kwana a bakinta. In ta ce mutum ya karye, kafin Juma'a har mutanen ƙauye sun ji.

"Mama, kayan suna nan a ware," Zulaihat ta ce a hankali. "Da mun kai mata gida ta duba."

Ta kuwa san inda ta taɓo. Mahaifiyar Hajiya Hajo, Inna Ma'u, dillaliya ce. Ta ƙare rayuwarta tana shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa a ka, tana kai wa matan da ba sa fita kasuwa. Hajo tana ƙarama ita take bin ta a baya, ta tsuguna a tsakar gidan mutane ana juya kayansu ana yatsina, yara na tsokanar ta da ɗiyar dillaliya. Ranar da ta buɗe shagonta na farko ta yi wa kanta alkawari cewa daga yau mai son kaya shi zai tako ya same ta. Ta kuwa riƙe alkawarin har gashinta ya fara furfura, ko matar wane ce sai ta zo ta zauna a bencinta.

Ta dubi allon da aka jingine da bango. Ta leƙa cikin shagon, kantoci wayam, ko bencin da za ta ce wa baƙuwa bismilla babu. Ranta ya sosu ƙwarai, abin da ya fi ba ta haushi kuma shi ne yarinyar ce da gaskiya.

"Kira mani Idi mai Keke," ta ce.

Zulaihat ta jawo ledojin nan masu tambarin shago za ta zuba kayan, Hajiya ta ture su gefe. Ta shimfiɗa wani tsohon zane a ƙasa, ta jera atamfofin da lesukan, masu duhu a ƙasa masu haske a sama, ta ja kusurwa biyu ta ƙulla, ta ja sauran biyun ta murɗa ta soke ta ƙarƙashi. Hannunta ya gama aikin kafin ta tuna inda ta koya.

Idi ya sauke su a Ƙofar Durbi, ya kai ƙunshin zaure ya tsaya, don namiji baƙo iyakarsa nan. Zulaihat ta rungumi kayan ta ɗaga, suka rinjaye ta, ta dire. Hajiya ta kalle ta, ta kalli doguwar hanyar da ta bi ta soro zuwa cikin gida. Sai ta naɗe gefen gyalenta ta yi gammo, ta rusuna, ta ce su aza mata. Ɗaurin ɗankwalin da ta ɓata safiya tana kafawa ya lotse nan take. Ta miƙe wuyanta kyam, ta yi sallama ta shiga.

An daɗe ana gaisuwa. An tambayi gida da yara da gajiya da zafin gari, sannan Hajiya Bilkisu ta yi mata jajen shago, jajen da ya yi tsawo fiye da yadda ake bukata. Hajiya Hajo ta amsa da cewa kasuwa ta Allah ce, ta tura ƙunshin gabanta. Tsohuwar ta kai hannu za ta kwance, sai ta tsaya, ta gyara tabarau.

"Wa ya yi wanga ɗauri?"

"Ni na yi, Hajiya."

"Ɗaurin Ma'u ne. Ashe ke ɗiyar Ma'u ce? Yo ni duk shekarun ga ban sani ba."

Hajiya Hajo ta shirya jin baƙar magana. Amma tsohuwar sai ta juya tana ba 'ya'yanta da ke zaune gefe labari. Ta ce zannuwan lefenta ita kanta Ma'u ce ta kawo su a ka har ɗakin surukarta, kuma akwai ɗaya har yau a ƙasan akwatinta bai koɗe ba. Ta ce a zamanin nan in aka ce zane daga ƙunshin Ma'u ya fito, ba a ƙara tambayar ko yana zuba. Hajo ta kasa kunne da mamaki. Ita abin da ta riƙe tun ƙuruciya shi ne tsuguno da yatsina, ba ta taɓa sanin haka ake faɗin uwarta a bayan ido ba. Wani daɗi ya cika mata ƙirji har sai da ta sunkuyar da kai, don kada a ga idonta.

Wannan bai hana Hajiya Bilkisu aikinta ba. Ta murza kowace atamfa, ta sansana, ta jiƙa gefenta da yawu ta goga a farin hankici ta ɗaga wa haske. Ba wadda ta zuba. Sai dai ta fitar da biyu daga zaɓin Jamilu, ta ce kalar tsofaffi ce, namiji bai san zane ba ko da a Abuja yake. Zulaihat ta matso a ladabce ta buɗe mata shafin, tana nuna mata wasu. Tsohuwar ta kai wayar kusa da hanci, ta dangwala yatsa a kan wata shuɗiya da wata mai ganye, ta ce a kawo waɗannan.

"Ba ki taɓa su ba fa, Hajiya," in ji Hajo, don ba ta iya barin ta ta wuce haka nan.

"Tunda daga hannun ɗiyar Ma'u za su hito, mi zan taɓa?"

Kafin la'asar matan maƙwabta sun cika tsakar gidan, wasu na juya atamfa, wasu sun yi dandazo a kan wayar Zulaihat, kowace na tambayar yaushe za a zo nasu gidan.

A cikin Keke, suna komawa Ƙofar Marusa don miƙa mabuɗi, Zulaihat ta daɗe tana juya wayar a hannu. Can ta tambaya ko ta rufe shafin yanzu kamar yadda aka ce, in kuma za a bar shi, me za ta sa a wurin adireshi tunda shago babu.

Hajiya ta taɓa lotsattsen ɗankwalinta, ba ta gyara shi ba.

"Ki rubuta masu har ɗaki muke kai kaya," ta ce. "A ƙarƙashin sunana kuma ki sa ɗiyar Ma'u dillaliya. Da manyan haruffa."