Jawabin Shugaba da Masarar Jumare

Ashafa bai taɓa ganin shugaban kamfaninsu ido da ido ba, amma ya san inda mutumin yake gyara hula, ya san inda yake ɗan tari kafin ya ce "ci gaba". Ya tsani tarin nan har cikin ransa.

Malamin gona ne shi a wani kamfanin iri, manoman Paki ke hannunsa. Bana kamfanin ya fito da tsarin horar da ma'aikata ta waya, darussan bidiyo a jere, ba ka shiga na biyu sai ka gama na farko. Na farkon kuwa dogon jawabin maraba ne daga shugaba. Da sabis ya ɗauke, ko kira ya shigo, sai abin ya koma farko. Wanda ya tsara wannan bai taɓa riƙe waya a Paki ba, inda sabis yake leƙowa ya gudu kamar ɓera.

Da a ɓata lokaci abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai tsutsa ta faɗa wa masara. Sabon maganinta yana jibge a siton kamfani a Ikara, amma Ukasha mai sito ya ce ba ya fita sai sunan Ashafa ya zama kore a kwamfuta, alamar ya kalli darasin feshi. Darasin feshi kuma yana can bayan maraba, bayan tarihin kamfani.

Gonar Jumare ce ta fi tsaya masa a rai. Dattijo ne da yake shuka dawa tun tasowarsa. Ashafa ne ya yi ta zarya har ya shawo kansa ya cika gonar da masarar kamfani, ya kuma yi masa alkawarin in wani abu ya taso yana nan. Abincin gidan na shekara ke nan tsutsa take ci ta zuciya, iyalin Jumare suna bi kara-kara suna barbaɗa toka da hannu.

Ashafa ya je Ikara ya yini a gindin bishiya inda sabis ya fi zama. Ya ƙetare maraba, ya kusa gama tarihi, sai waya ta yi ƙara. Jumare ne yake tambayar magani. Yana kashewa, ga shugaba yana gyara hula. Saura kaɗan ya maka wayar da ƙasa.

Ana cikin haka aka kira ma'aikata taro a Makarfi. Hajiya Lubna, mai kula da horarwa daga babban ofis, ta zo da albishir. Ta ce alƙaluma sun nuna babu darasin da ma'aikatan karkara suke so kamar jawabin shugaba, musamman ɓangaren Paki, inda ake ta maimaita shi. Saboda haka an inganta tsarin: an ƙara wa jawabin tsawo, an haɗa da gaisuwar mataimakinsa.

Ashafa ya miƙe. Bai nemi izini ba. Ya fara karanto jawabin da ka, kalma bayan kalma, ya gyara hula a inda ake gyarawa. Da ya zo wurin tari, sai duk ma'aikatan ɗakin suka yi tarin tare da shi. Babu wanda ya yi dariya. Sannan ya zaro karan masara daga jakarsa ya ajiye a kan teburinta, zuciyar karan duk ta zama dusa.

"Hajiya, ba so muke yi ba, wucewa muka kasa," ya ce. "Ga abin da aka ci muna kallo."

A yi mata adalci, ba ta yi musu ba. Ta juya karan, ta tambayi yadda abin yake komawa farko, ta fita ta yi waya. Kafin la'asar an buɗe wa kowa darasin feshi kai tsaye, an ce Ukasha ya saki magani. Abin da ya ƙara ƙona ran Ashafa shi ne ashe gyaran bai wuce danna maɓalli ba.

Washegari ya ɗaure jarkar magani a babur ya nufi Paki. Daga nesa ya hangi gonar ta yi fili. An sare masarar an tara wa shanu, Jumare yana duƙe yana saran shuka, matarsa na bin sa da ƙwaryar wake, ko a tsira da wani abu kafin ruwa ya ɗauke.

Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali da gajiyar hanya. Ashafa ya nuna jarkar ya ce, "Baffa, ga shi an samu."

Jumare ya dubi jarkar, ya dubi shanunsa.

"Kai wa wanda tasa ke da sauran rai, Malam," ya ce a hankali. "Baɗi in Allah ya kai mu dawa zan shuka. Kada ka wahalar da babur ɗinka."

Ya duƙa ya ci gaba da sara.