Ƙamshin Ƙasa a Kujerar Baba

Da masu gaisuwar rasuwar Baba suka watse, gida ya yi shiru, sai Umma ta daina cin abinci.

Ba ciwo ba ne. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa kai loma baki da rana ba sai ya dawo daga shago ya zauna a kujerarsa ta gefen taga. Yanzu tsufa ya cinye idonta, ya fara cin tunaninta. In an ce mata ya rasu sai ta yi kuka kamar yau aka yi, bayan awa guda ta manta, ta ture kwano.

"Ku rufe. Sai Babanku ya shigo."

Auta, 'yarta ta ƙarshe, ita ke jinya. Tela ce, kekenta na nan cikin falon, tana ɗinki tana kallon wuyan hannun uwarta yana ƙara sirancewa. Likita ya ce in aka ƙara mako guda a haka, sai dai a kwantar da ita a sa mata ruwa. Auta kuwa ta san abu ɗaya: tun da idon ya tafi, da hanci Umma ke gane mutane. Baba kuma turare ɗaya ya shafa duk rayuwarsa.

Shagon mai haɗa turaren ɗan lungu ne, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Kwalabe masu duhu jere har rufi, kowace da takarda a wuyanta. Haka tsohon ke aikinsa: kowane abokin ciniki da kwalbarsa, ba a bari ta ƙare, ana ɗiba ana ƙarawa a kan na da.

"Baba ne ya aiko ni," in ji Auta. "Nasa ya ƙare."

Ƙarya ta yi, kuma ta san ƙarya ce. Tausayi ne ya sa ta, amma tausayi bai mayar da ita gaskiya ba.

Mai turare ya taka benci ya sauko da kwalbar, ya buɗe, ya kai hanci. Ƙamshin ya iske Auta inda take tsaye: sanyi-sanyi, kamar ƙasar da ruwan farko ya daka, kamar cikin tsohon akwatin katako. Can ƙarƙashinsa akwai wani ɗumi mai zaƙi-zaƙi, irin wanda take ji a wuyan rigarsa in ta durƙusa gaishe shi.

"Abu biyu ne a ciki," in ji tsohon. "Man wani ganye, faculi, shi ke ba da warin ƙasar nan. Sai ambar, shi ne ɗumin. Kullum ambar ɗin ke gaba a tasa kwalbar. Yau ya kwanta, ƙasa ta taso." Ya dube ta ta saman tabarau. "Lafiyarsa ƙalau dai?"

"Ƙalau. Ƙafa ce ke damunsa."

"To madalla. Don ni in mai kwalba ya rasu, ranar nake tuttule ta a ƙasa. Turaren da ya saba da jiki ɗaya shekara da shekaru ba ya zama haka kawai, 'yata. Neman mai shi yake yi."

Ta yi dariyar yaƙe, ta karɓi 'yar kwalbar da ya zuba mata, ta fita da sauri.

Washegari da rana ta ɗiga digo uku a matashin kujerar, ta buɗe ƙofar falo ta rufe da ƙarfi, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Umma ta ɗaga kai. Hancinta ya motsa. Ta gyara mayafi, ta jawo kwano, ta cinye shinkafar tas.

Yayan Auta, direban babbar mota ne, ya biyo da la'asar ya tarar da kwano wayam.

"Kai, Auta! Kin bar ɗinki kin koma bokanci ke nan? Ki ɗiga mini a mota ko mai zai daina ƙarewa."

"Yaya, ka rage murya mana."

"Na rage. Amma warin nan, wallahi kamar an tone rami a falon."

Kwana biyar Umma na ci. Kumatunta suka fara dawowa. Sai dai Auta ta lura da wani abu: ba ta hira. Da, in Baba ya zauna, bakinta ba ya hutawa, daga ƙorafin tsadar sabulu sai labarin maƙwabta. Yanzu kai a sunkuye take ci, da sauri.

A rana ta shida Auta ta shagala da wata riga da ake jira, ba ta ɗiga komai ba. Kwalbar na cikin aljihun keke, a rufe. Ƙarfe ɗaya daidai, lokacin da Baba ya saba shigowa, ƙamshin ya cika falon. Ta tsayar da keken. Ba daga kujerar ya fara ba. Daga bakin ƙofa ya taso, ya wuce ta bayanta har gashin wuyanta ya miƙe, sannan ya tsaya gefen taga. Ɗumin nan babu shi ko kaɗan. Ƙasa ce zalla, jiƙaƙƙiya, ga rana ƙwal a waje.

Umma ta laluba ta jawo kwano.

"Umma," in ji Auta, "yau ba kya yi wa Baba hira?"

Tsohuwar ta kamo hannunta ta jawo ta kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Wane Baban? Ke Auta, wa kike shigo mini da shi? Babanku in ya zauna kujerar nan sai ta yi ƙara. Yana gyaran murya, yana ce mini gishiri ya yi yawa. Wannan ko numfashi ba ya yi. Zama kawai yake, ina jin idonsa a kaina."

"To me ya sa kike ci?"

"Tsoro nake ji. In na cinye yakan tashi." Ta ƙara matse hannun. "Jiya da na yi jinkiri, matsowa ya yi."

Auta ta dubi kujerar. Ba kowa. Kwana shida ke nan tana murna da kumatun uwarta, ashe da tsoro take ciyar da ita.

Ta zaro kwalbar, ta cire matashin, ta fita bayan gida. Ta tona ƙasa da tsohon almakashi, ta tuttule turaren har digon ƙarshe, ta cusa rigar matashin a ramin ta binne. Ta kira yayanta ta ce ya bi ta shagon mai turare ya gaya masa gaskiya, ya zubar da babbar kwalbar yau, kada ta kwana.

Da ta dawo ta buɗe tagogi duka, ta jawo kujerar Baba zuwa gaban Umma ta zauna a kai. Kujerar ta yi ƙara.

"Umma, Baba ya rasu. Ni na yi miki ƙarya. Ki yafe mini."

Umma ta yi kukanta, Auta ta riƙe ta har ya lafa. Ta san gobe ma sai ta sake faɗa, da jibi. Sannan Auta ta ɗebi shinkafar ta ci, ta ce, "Gishiri ya yi yawa."

"Ke kika dafa ai, sarkin iyayi."

Umma ta karɓi cokalin, amma ba ta kai baki ba. Ta karkata kai wajen ƙofa, ta daɗe tana shaƙar iska.

"Ya fita?"

"Ya fita, Umma."

"To tashi ki sa sakata. Bai yi nisa ba."

Auta ta sa sakatar. Umma ta ci cokali huɗu, a hankali, tana mitar tsadar sabulu.