Kwat ɗin Matar Manaja

Zannuwa biyu Iya Maimunatu ta ciro daga ƙasan adaka ta bayar a kan kwat ɗin nan, kuma ba tarkacen zannuwa ba, atamfa 'yar Holan da almakashi bai taɓa gani ba. Ba don gayu ta yi ba. Masa take soyawa a bakin titi wajen mahaɗar Tina tun assalatu, sanyin Jos kuwa ya riga ya dasa mata tari a ƙirji.

A lokacin Turawan kuza na tattara nasu-ya-nasu suna barin gari, kayansu na gangarowa gwanjo a kasuwar Katako. Can ta ci karo da Nkoli, wata 'yar Ibo mai rumfa, mai zaƙin baki kamar rake.

"Mama, wannan na matar manaja ne," in ji Nkoli da Hausarta ta kasuwa. "Taɓa ka ji. Babban tela na Landan shi ya ɗinka, ga sunan shi a wuya. Ya tsufa, amma ko zare ɗaya bai tashi ba. Kai za ka sa, jikan ka za ta sa. Atamfa yana koɗewa, wannan ba ya mutuwa."

Iya ba ta san ko bihim a boko ba, amma hannunta ya san kaya. Ulu ne mai nauyi, ruwan toka, har gwiwa. Akwai siket ɗinsa, ta ce a riƙe, me za ta yi da siket? Aka yi musaya, kowa ta kama gabanta.

To wa ke sa gwanjo bai wanke ba? Balle kayan matar da ke rungumar kare, ita kuma da shi a jiki za ta yi salla. Ta kira Gwadabe, mai wankin unguwa da ke kai kaya kududdufin kuza na Naraguta. Ta ce ruwa ya tafasa, sabulun soda ya ji, a dirje, a buga a dutse har warin Nasara ya fita.

Ranar da ya dawo da shi, sai da ta kalli kwat, ta kalli Gwadabe, ta sake kallon kwat. Abin da ya miƙo mata guntu ne, mai tauri kamar buzu. Ta zura hannu, ya tsaya a gwiwar hannu.

"Ina nawa?"

"Shi ne wannan, Iya."

"Ni za ka yi wa wankin ido? Na ba ka saniya ka dawo mini da ɗan maraƙi?"

Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin ubansa. Ya ce da ya shanya shi, haka ya gan shi yana tsukewa. Iya ta yi tsaki. Tun tana budurwa take wanki, ta ga zane ya zuba, ta ga ya yage, ba ta taɓa ganin riga ta koma yarinya ba. Sai ta tuno Gwadabe na wanke kayan ma'aikatan jami'a. Ta tuno kuma sabuwar rediyon da ya fara ratayawa a keke. Ina mai wanki ya samo rediyo?

Ba ta ɗora kaskon masa ba rannan. Ta tasa ƙeyarsa har Katako, tana tafe tana tari tana faɗa, shi yana bin ta da keke kamar wanda za a kai mahauta.

"Madam, dubi nan," ta ce da Nkoli tun daga nesa, ta ɗaga kwat ɗin sama don maƙwabtan rumfa su gani. "Wannan kika ba ni?"

Nkoli ta ɗan kalle shi ta wutsiyar ido, ta ci gaba da ninke wani wando.

"Ba nawa ba ne. Nawa babba ne. Mama, wannan mutum ya sace ka."

Mutane suka fara taruwa. Wani mai katako ya ce a kira ɗan sanda. Gwadabe ya jingine keke.

Abin da Iya ta zo nema ke nan, amma sai ta ji bai kwanta mata ba. Matar da ta juya kwat ɗin nan ciki da bai tana nuna mata ɗinki, tana shafa shi kamar jariri, yau ko hannu ba ta miƙo ba. Ba ta nemi ganin sunan telan da take taƙama da shi ba. Kuma ta ƙi haɗa ido da kowa.

Iya ta leƙa cikin rumfar. Ga siket ɗin nan rataye a ƙusa.

"Kai Gwadabe, ka ce ruwa ne ya cinye shi?"

"Wallahi, Iya."

"To ga ɗan'uwansa can. Ga mai shayi da tukunya a wuta. A sauko da shi ka wanke a gabanmu, yadda ka yi wa wancan. In ya fito yadda yake, ni da kaina zan kai ka caji ofis."

"Ba wanda za ya taɓa!" Nkoli ta yi tsalle ta tare ƙofa.

"Me kike tsoro? Ba kin ce ba ya mutuwa ba?"

"Na ce a'a!"

Iya ta ture ta da kafaɗa, ta fizgo siket ɗin, ta nufi mai shayi. Nkoli ta kama ɗaya gefen tana ja.

"Chineke! Mama, za ka kashe mini kaya! Ulu ne, ba ya shiga ruwan zafi, za ya tsuke kamar wancan!"

Mai katakon nan ne ya fara dariya.

"Kamar wancan," in ji Iya a hankali. "Ashe kin gane shi."

"Kai ne ba ka tambaya ba. Kayan Turawa ba a wankewa haka, sai a kai kanti na musamman."

"Kin ce jikata za ta sa. Da dauɗar mutum biyu za ta sa shi? Rigar da ke tsoron ruwa kika karɓe mini Holan biyu a kanta, sannan don ki tsira za ki sa a ɗaure bawan Allah? Fito mini da zannuwana."

Nkoli ta ce ciniki ya riga ya faɗa. Iya ta juya mata baya. Ta hau kan dilar kayan da ke bakin rumfa ta zauna daram, ta baza guntun kwat a cinya. Duk wanda ya tsaya taya riga sai ta ɗaga masa.

"Ɗana, ka ga wannan? Da tsawona yake. Saya, amma kada ruwa ya taɓa."

Kafin la'asar ba wanda ya sayi ko safa. Nkoli ta shiga ciki tana surutai da yarensu, ta jawo wani kwali, ta wurgo atamfa ɗaya. Ɗayar, in ji ta, tana wurin tela, an riga an yanka.

Iya ta warware wadda aka ba ta, ta auna ta da kamu daga wannan baki zuwa wancan, ta ɗaga ta a rana ko an rage wani abu. Ta cika. Ta naɗe ta, ta danna a ƙarƙashin cinya, ta gyara zama.

"Iya, mu tafi mana," in ji Gwadabe. "An samu ɗaya."

"Biyu na bayar. Je ka kawo mini kaskona da ƙullu. Nan zan soya gobe."

Nkoli ta buga tsaki. Sannan ta ɗaura ɗankwali, ta ce da maƙwabciyarta ta duba mata rumfa, ta nufi layin teloli da sauri.

"Bi ta," Iya ta ce da Gwadabe. "Har ƙyallayen da suka faɗi ƙasa a haɗo mini."