Sunan 'Yar Fari

Shekara talatin da biyu Hajjo tana da 'ya mai suna Zuwaira, amma ko sau ɗaya sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. 'Yar fari ce, kuma a danginsu na Panshekara uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Alkunya ke nan. Haka uwarta ta yi mata, haka ita ma ta yi, har tana alfahari da abin. In tana neman yarinyar sai ta ce "ke", in zancenta ya taso sai ta ce "waccan". Son kuwa yana nan fal a zuci, sai dai wa ya gani?

Zuwaira ta girma, ta yi aure, ita da mijinta suna aiki a wata masana'antar saƙa buhu a Challawa. Ita kam tata 'yar farin, Badi'a, kullum tana kan cinyarta, tana kiran sunanta safe da yamma. Ranar wani biki Hajjo ta kasa daurewa, ta ce mata cikin taron mata, "Ke ba ki da kunya ne? 'Yar fari ce fa!"

Zuwaira ta ce, "Inna, ni na san abin da kunyar nan ta yi mini. Ina ƙarama har na tambayi Kaka ko tsinto ni aka yi. Ba zan yi wa Badi'a haka ba."

Hajjo ta juya mata baya. Mako uku babu ko gaisuwa, kowacce tana jiran 'yar'uwarta ta sauko. Taurin kai dai gado ne a gidan nan.

Wata Talata da safe maƙwabciya ta shigo da labari: kamfani ya mayar da Zuwaira da mijinta sabon reshensa na Legas, shekara uku aƙalla, kuma yau motar ma'aikata za ta tashi daga masana'antar. Hajjo ta shiga lissafi. Ga hawan jini, ga tsufa, wa ya ba ta tabbacin shekara uku? Ba za ta yarda su rabu da fushi ba. Ta ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a leda, ta tare adaidaita sahu.

A bakin ƙofar masana'antar maigadi ya tsayar da ita. "Inna, wa kuke nema?"

"'Yata."

"Mata sun fi ɗari biyu a ciki. Yaya sunanta?"

Hajjo ta gyara mayafi, ta shiga kwatance: doguwa ce, baƙa, mai wushirya. Maigadi ya yi dariya ya ce rabin matan ciki haka suke. Suna cikin haka aka yi masa ham, ya ruga ya buɗe ƙofa, doguwar mota ta fito a hankali.

Ga Zuwaira nan a bakin taga, ta sunkuyar da kai tana ɗaura wa Badi'a ɗankwali. Tsakaninsu bai fi taku goma ba.

"Ke!" in ji Hajjo. "Ke!"

Mata uku suka waiwayo, ban da ita. Sunan ya zo har kan harshen Hajjo, sai ta dubi hagu da dama ta ga maza tsaye, ta ɗan dakata. Dakatawar nan ce ta cuce ta. Mota ta hau titi ta ƙara wuta.

Maigadi ya dawo yana karkaɗe hannu. "Har yanzu fa ba ku faɗa mini sunan ba."

"Zuwaira," ta ce. Ashe sunan ba shi da nauyi ko kaɗan. Baƙin ciki ya kama ta, na shekarun da ta ɓata tana tsoron abin da bai kai ya kawo ba.

Maigadi ya dafe kai. "Ayya, Inna! Ai ita ta riƙe motar nan rabin awa. Cewa ta yi duk wadda ta zo ta ambaci sunanta, in shigo da ita da gudu."

Hajjo ta zauna a kan bencinsa da ledar kuka a cinya, tana kallon titi, tana ta maimaita sunan.