Gidan Jinyar da Munzir Ya Zaɓa wa Babansa

Ranar da likita ya ce babu sauran abin da za a yi, ba a gaban majinyacin, Abu Rakan, ya faɗa ba. Jan ɗansa Munzir ya yi zuwa baranda, ya rage murya, ya ce cutar ta bar hanji ta kama hanta, wata biyu ne ko uku, Allah ne masani. Sannan ya rubuta masa sunan gidaje biyu a cikin birnin Irbid inda ake karɓar irin waɗannan majinyata, ba don a warkar da su ba, sai don a rage musu raɗaɗi har lokaci ya yi.

Munzir ya goge fuska ya koma ɗaki.

"Me ya ce?" tsohon ya tambaya.

"Gyambon ciki ne, Yaba. Ya ce hutu kake buƙata."

"Hutu! Shekara saba'in da huɗu ban huta ba, sai yanzu da zaitun ya kusa nuna?"

Ba wanda zai ga laifin Munzir a ƙauyensu. Ko sunan cutar ba a kamawa, sai dai a ce "waccan", a tofar da yawu. Ɗan kirki ba ya kai wa ubansa labarin mutuwarsa. Jinya a gida kuma ba za ta yiwu ba, don mahaifiyarsu ta rasu shekara uku ke nan, shi Munzir direban babbar mota ne, rabin satinsa a hanyar Akaba yake, ciwon kuwa idan ya taso sai allura. Yayansa Rakan ya bugo waya daga Dammam inda yake aiki.

"Je ka duba wuraren nan da idonka. Kar ka yi mana irin taka ta gaggawa. Kuma duk inda za ka kai shi, abu ɗaya ne: kar ya sani."

Gida na farko tsohon gini ne a cikin lungu, fenti ya ɓaɓɓare, ga bishiyar lemo a tsakar gida. Tun daga ƙofa Munzir ya ji bai yi masa ba. Takalma ne birjik a bakin wani ɗaki, a ciki mutum ya kai goma sha biyar sun zagaye gado ɗaya, wata tsohuwa na dafa gahawa a kan ƙaramin risho, wani na karatun Alƙur'ani, wasu na gardamar ƙwallo. Shugabar masu jinya, Sitt Wijdan, mace ce mai jiki, da silifas ɗin roba a ƙafa. A benci ta zaunar da shi.

Ya jero mata tambayoyinsa. Likita? Kullum da safe, kuma yana ɗaga waya kowane lokaci. Maganin raɗaɗi? Ba a jira sai mutum ya yi ihu. Ziyara? Ta nuna tarin takalman da haɓarta.

"To ga babbar," in ji Munzir. "Babana bai san abin da ke damunsa ba. Gyambo muka ce masa. Haka za ku ci gaba da faɗa."

"Ba za mu je mu faɗa masa ba," ta ce. "Amma in ya kalli idona ya tambaye ni, ba zan ce masa gyambo ba ne."

"Ba zai tambaya ba."

"Suna tambaya, ɗana. Jira suke 'ya'yan su fita sayen ruwa."

"Wato ki kashe shi kafin ranarsa!"

Ba ta ji haushi ba. Ta dube shi kamar yadda ake duban yaron da ya ɓata a kasuwa. "Yana da abin da bai gama ba? Wanda zai so ya gani, ko wata magana da ya ajiye?"

"Babu," Munzir ya ce, ya miƙe.

Ƙarya ya yi, kuma tun kafin ya kai bakin mota ya san ya yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan babansa bai yi magana da ƙanensa Awwad ba. Awwad ne ya sare wata tsohuwar bishiyar zaitun a kan iyakar gonakinsu don tarakta ta sami hanya, bishiyar da mahaifinsu ya dasa da hannunsa. A ranar Abu Rakan ya tashi tsaye a zauren baƙi, a gaban mazan dangi kaf, ya rantse ba zai ƙara yi wa Awwad magana ba sai ranar da shi Abu Rakan yake kwance a gadon mutuwa yana neman yafiyar mutane. Rantsuwar da aka yi a gaban maza ba ta janyuwa. Kowa a ƙauyen ya san 'yan'uwan nan biyu rana ɗaya suke jira, ko da ba su faɗa ba.

Gida na biyu sabon gini ne a kan tudu, duk gilashi. Sanyi, shiru, ƙasa na sheƙi kamar an lashe ta. Gadon da maɓalli ake ɗaga shi. Manajan, Ustaz Haisam, ya zagaya da shi ko'ina, har kicin. Ziyara daga ƙarfe huɗu zuwa bakwai, mutum uku a lokaci ɗaya, don majinyaci ya sami hutu. Da Munzir ya kawo babbar tambayarsa, bai ma bari ya ƙarasa ba.

"Iyali ke da magana a nan. Abin da kuka ce mu faɗa, shi za mu faɗa. Zan rubuta a bangon fayil ɗinsa da jan biro, kowa ya gani."

Munzir ya ɗauki hotuna ya tura Dammam. Rakan ya amsa: "Yau dai ka yi abin kai."

Can aka kwantar da tsohon. Kuma a faɗi gaskiya, sun iya aikinsu. Zanin gado kullum sabo. Ciwon bai ƙara kayar da tsohon yana cizon matashi ba. Akwai wani ma'aikacin jinya, Ƙusai, da Abu Rakan ya mayar abokin tsokana.

"Kai, da wannan hannun naka mai laushi wa zai ba ka mata? Zo gona sati ɗaya in mayar da kai namiji."

"Sai ka warke tukuna, Haji."

"Yaushe ke nan?"

"Sati mai zuwa, in sha Allahu."

Sati mai zuwa ya zo ya wuce sau uku. Wata la'asar Munzir na zaune yana ɓare lemo, tsohon ya ɗaga hannunsa sama yana kallo. Agogonsa ya zame har kusan gwiwar hannu.

"Ƙusai, zo nan. Kai ka yi karatu, ba kamar wannan da ya gudu daga makaranta ba. Gyambo ne ke cin mutum haka?"

Ƙusai ya dubi Munzir. Munzir ya sunkuyar da kai kan lemonsa.

"Yana yi, Haji," Ƙusai ya ce. "Kana ci sosai za ka mayar da jikinka."

Abu Rakan ya daɗe yana kallonsu, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sauke hannun.

"To, alhamdu lillahi. Da cewa zan yi a kira min... Bari kawai. Tunda da sauran lokaci."

Munzir ya miƙa masa lemo. Bai ce "wa?" ba. Kalma ɗaya ce, tana bakinsa, ya haɗiye ta.

Ranar Alhamis yana fitowa ya ga tsohuwar motar ɗaukar kayan baffansa a gindin katanga. Awwad na tsaye a jikinta, ya sa sabon rawani, riƙe da kwalbar man zaitun na bana.

"Ya kira ni?"

"A'a, Ammi," Munzir ya ce, don haka suke kiran baffa a can.

"Duk ƙauye sun san abin da ke damunsa. Har mai gyaran taya ya yi min jaje. Matsa in shiga."

Munzir ya tare hanya. "In ya ga fuskarka a ƙofar nan, ya gama sanin komai. Kai ne labarin, Ammi. Ba sai ka buɗe baki ba."

"To ya sani mana! Yaro ne shi? Mutumin da ya binne uwarsa da ubansa da matarsa, shi kuke ɓoye wa mutuwa?"

"Rakan ya ce..."

"Rakan! Yana can yana shan sanyin ofis yana ba da umarni, kai kuma jakinsa. Tun kana ƙarami haka kake, ba ka zama wuri ɗaya ka yi tunani."

Amma bai ture shi ba. Shi ma yana tsoron ya zama shi ne ya kai labarin. Ya dangwara masa kwalbar a ƙirji ya koma mota. Daga ranar, kullum ƙarfe huɗu motar na gindin katangar, har bakwai, sannan ta tafi.

Munzir ya shiga da man, ya zuba a faranti, ya gutsuro burodi. Kwana biyu tsohon bai sa komai a baki ba, amma ya dangwala ya taɓa a harshe. Ya rufe ido.

"Wannan na gonar gabas ne."

Gonar gabas ta Awwad ce.

"A kasuwa na saya, Yaba."

"Uhm. Ɗaci gare shi kamar mai shi." Ya sake dangwalawa.

A hanyar Akaba, cikin wannan doguwar hamadar da babu abin kallo, Munzir ya yanke shawara. Rakan zai iso ranar Juma'a. Zai zaunar da shi, ko ya yarda ko bai yarda ba, zai shiga ya faɗa wa babansu gaskiya, ya fita ya kamo hannun baffansa. Kwana huɗu ne kawai. Likita ya ce wata biyu ko uku, ko ɗaya da rabi ba a cika ba.

Ranar Laraba da hantsi Ƙusai ya bugo. Haji bai farka da safe ba. Yana numfashi, amma ba ya amsawa.

Munzir bai san yadda ya isa ƙauye ba. A gona ya sami Awwad, a kan tsani. Tsohon na ganin fuskarsa ya sauko, ko hannu bai wanke ba. Ba lokacin ziyara ba ne, amma Ustaz Haisam da kansa ya buɗe musu ƙofa.

Awwad ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannun yayansa da nasa hannun mai ƙasa.

"Abu Rakan. Yayana. Ni ne, Awwad. Ga ni na zo." Ya jira. "Ni na sare ta. Ban kyauta ba, tun ranar na san ban kyauta ba. Ka yafe min. Ko yatsa ka motsa, ya ishe ni."

Babu abin da ya motsa sai ƙirjin da ke hawa yana sauka. Ƙusai ya ce a hankali wai wani lokaci suna ji. Awwad ya maimaita maganar, ya sake maimaitawa, har muryarsa ta dushe. Bayan azahar kaɗan Abu Rakan ya cika.

Kwana uku aka yi ana karɓar gaisuwa a zauren baƙi. Munzir ya karɓi butar gahawa daga hannun masu zubawa, don ba ya iya zama. A rana ta biyu wani maƙwabcinsu, Abu Lais, ya riƙe masa hannun riga. Mahaifiyarsa ce ke kwance, ita ma "waccan" ce.

"Gidan nan na kan tudu, yaya ka gan shi? Su Rakan sai yabo suke."

"Yana da tsabta," Munzir ya ce. "Ba za ta ji ciwo ba in ka kai ta. Kuma duk abin da ka ce su yi, shi za su yi."

"To ai shi ke nan."

"Je ka ga na cikin lungu ma. Akwai wata mata a can, za ta yi maka tambaya. Kar ka yi saurin amsawa."

Abu Lais ya yi masa kallon wanda baƙin ciki ya taɓa wa kai, ya sake shi.

A rana ta uku da yamma, mutane sun ragu, Munzir ya iso kan baffansa ya zuba masa. Awwad ya karɓi ɗan kofin, bai kai baki ba, ya ajiye shi a ƙasa a gabansa. A al'adarsu, wanda ya ajiye gahawa bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai an biya masa.

"Sha gahawarka, Ammi," Rakan ya ce daga inda yake zaune. "Duk abin da kake so, an yi."

"Ba kai nake tambaya ba." Ya ɗago ido ya dubi Munzir. "Kai ke wurinsa kullum. Ya taɓa kama sunana?"

Rakan na yi wa Munzir alama da ido. Abu ne mai sauƙi. In ya ce e, ya kama, ya ce ya yafe, shi ke nan. Tsohon zai sha gahawarsa, ya je gida ya yi barci. Kusan wata ɗaya da rabi Munzir ya yi yana irin wannan maganar, bakinsa ya saba.

"Bai kama ba, Ammi. Sau ɗaya ya ce da zai sa a kira masa wani. Muka ce masa zai warke, sai ya ce a bari."

"Wa zai sa a kira?"

Butar ta yi wa Munzir nauyi a hannu.

"Ni ne?" Awwad ya sake tambaya, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ban sani ba, Ammi. Ban tambaye shi ba."

Awwad ya daɗe yana kallon kofin. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya laluɓi takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.