Saƙon da Ke Cikin Salular Arzika

Mutari mai gyaran salula ya juya wayar gaba da baya, ya danna, ta kawo haske ta nemi yatsan mai ita. Ya dubi matar da ke tsugune gaban teburinsa a kasuwar Madawa, ya tambaye ta ina faktir, wato takardar saye.

Cima ba ta taɓa jin sunan abin ba. Ta ce wayar maigidanta ce, marigayi. Ramin zinariya ya rufta da shi can Jado, abokin tafiyarsa ya kawo mata ita garinsu Tabotaki ƙulle a bakin rawani. Yatsan da wayar ke nema yana ƙarƙashin ƙasa tare da mai shi.

"Allah shi jiƙan shi, baiwar Allah," in ji Mutari. "Amma in babu takarda ba ni taɓa ta. Wancan wata anka kwashe maƙwabcina da kayan aikinai, wai yana buɗe na sata."

"To, malam, ni sata na yi?"

Ya ce a'a. Ta ce ke nan wayar tata ce? Ya ce tata ce mana. Ta ce amma haramun ne a buɗe mata? Nan Mutari ya sosa ƙeya. Shi kansa bai taɓa ganin dokar da idonsa ba. Wasu sun ce akwai ta, wasu sun ce babu, shi dai ya ga an tafi da mutum.

Akwai abin da Cima ba ta faɗa masa ba. Abokin tafiyar ya shaida mata cewa bayan an ciro mijin nata Arzika daga ramin ya ɗan jima da rai, ya nemi wayarsa, ya yi magana a ciki mai tsawo, yana ambaton ita da tsohuwarsa Delu. Babu reso, wato layin waya, a wurin, saƙon bai fita ba, yana nan ciki. Duk tsawon takabarta tana ba da wayar a yi mata caji don kada ta mutu ita ma. Yau da za ta fito, tsohuwar ta rako ta har ƙofar gida tana dogara sanda. Amma ta yaya mace za ta dubi baƙon namiji ta ce muryar mijinta take marmari? Ita da ko sunansa ba ta faɗa.

* * *

Wani ya nuna mata ofishin hukuma, ta tafi. Mai teburin farko ya ce salula ba aikinsu ba ne. Na biyu ya fi kirki, ya ce ta kawo takardar mutuwa. Ta ce a daji aka binne shi, mutanen da suka yi masa salla ba su da biro. Ya ce to ta kawo takardar aure. Ta ce an ɗaura shi gaban jama'a, har da goro. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya kira na bayanta.

Ta fito kanta ya ɗaure tamau. Limamin garinsu ya ce mata wayar gado ce, halal ɗinsu. Mutari ya ce tata ce. Babu wanda ya ce ta yi laifi, babu kuma wanda ya yarda ya taɓa. Ta tsaya cikin rana tana jin tsoro, tana jin kunya, ba ta san na mene ne ba.

* * *

Wata mai tuyar ƙosai ce ta raɗa mata sunan Salim, a lungun bayan tasha. Salim bai nemi faktir ba, bai ma tambayi ta wane ne ba. Cima ta ji daɗi har zuciyarta, ta ce yau ga ɗan albarka. Ba ta san masu zuwa wurinsa ba su son tambaya ba ne, kuma dukkansu abu ɗaya suke so a yi wa waya. Ya jona wayar da ordinata, wato kwamfuta, ya ci gaba da shan shayinsa.

"Ga ta, madam. Ta koma sabuwa hul."

Wayar ta buɗe ba yatsa ba komai. Cima ta sunkuyar da kai, da ƙyar ta ce ya nuna mata inda maganar take.

"Wace magana? Ai wanke ta na yi. Haka aka buɗewa nan, komi na ciki shi tahi."

Ta tambaya ko ana iya maidowa. Ya ce da ta faɗa tun farko, da ya ce ta nemi wani. Sai ya miƙa hannu ya karɓi wayar wani mai hular sanyi da ke ta waige-waige.

* * *

Da la'asar motar da ke zuwa garin Buza ta sauke ta Tabotaki. Delu na zaune kan tabarma a tsakar gida, ta yi wanka, ta ɗaura zanen salla.

"An buɗe, ɗiyata?"

"An buɗe, inna."

"To matso mini da shi kusa, kin san kunnen ya yi nauyi."

Cima ta durƙusa, ta kara mata wayar a kunne. Tsohuwar ta rufe ido, ta daɗe tana saurare, ko numfashin kirki ba ta yi.

"Ƙara mashi murya kaɗan," in ji ta.

Cima ta sa yatsa a gefen wayar, ta danna har ƙarshe.