Jan Tsumman Ma Rika

Saura kwana uku su kama hanyar Namibiya, Elsabe tana zaune a teburin kicin da tulin takardu. Ta san abin da ake ɓoye wa kowa a gidan: idon ubanta ya tafi, kuma shi ne zai tuƙa su kilomita dubu da ɗoriya, karaban na reto a bayansu, 'yarta Mienke a kujerar baya.

Shekara talatin da huɗu ke nan, duk Disamba, uban nata Gawie Lategan yake ɗaura karaban ɗinsa, ɗakin kwanan nan mai taya biyu, a gindin a-kori-kura, ya bar zafin garinsu Upington ya nufi Hentiesbaai, a bakin tekun Namibiya, kamun kifi. Bai taɓa miƙa wa wani mahaluki sitiyari ba. Ko marigayiya matarsa, Ma Rika, aikinta ɗaya ne: in zai yi ribas ya kusanto da karaban bakin ƙofar kicin don loda kaya, ta tsaya a baya da jan tsumman goge kwano. Ta kaɗa dama, ya karkata dama. Ta ɗaga sama, ya taka birki. Da ta rasu tsumman ya koma hannun Elsabe.

Elsabe ta sake bin takardun. Fasfo uku. Takardun mota, na karaban. Takardar haihuwar Mienke, da wasiƙar da mijinta Dewald ya sa wa hannu cewa ya yarda a ƙetare da yarinyar, tunda shi ba zai samu hutu a mahaƙar ma'adinai ba sai Kirsimeti. Abu ɗaya ya rage.

"Pa zai ba ni lasin tuƙinsa in yi kwafi?" ta tambayi uban.

Tsohon yana tsoma busasshen burodi a kofi. Bai ɗago ba.

"Yana mota."

"Jiya ma haka Pa ya ce."

"To jiya yana mota, yau ma yana mota. Ƙafa gare shi?" Ya yi dariya shi kaɗai. "Wa zai tambaye ni lasin a boda? Waɗancan yaran ina wucewa ta nan tun ba a haife su ba. Ke dai ki riƙe naki na jan kwandon shara."

Tsohuwar tsokanarsa ce. Lasin tsofaffin direbobi ya halatta musu jan kaya mai nauyi, na 'yan baya kuwa iyakarsa 'yar ƙaramar tirela. A zuri'ar kaf shi kaɗai doka ta yarda ya ja karaban, ya kuwa hana kowa sakat da maganar.

Sai dai lasin nan ya mutu tun Agusta. A watan Oktoba, da Elsabe ta shiga karaban za ta fitar da katifu su sha iska, ta tsinci takardar likitan ido a ƙarƙashin cokula, an ninke ta gida takwas. Sau uku ta karanta a tsaye: idon ya yi raunin da ba za a sabunta masa lasin ba. Tun daga ranar, duk Laraba da yamma sai ta ce za ta koyon waƙar coci, alhali tana filin bayan gari tana koyon ribas da tirela, tana bin gwangwanaye tana takewa. Ta faɗi gwajin farko, ta ci na biyu. Kwana tara ke nan sabon lasin yana jakarta, ta kasa gaya masa. Ta yaya za ka ce wa mutumin da ya koya maka tuƙi ya sauka? Tsoro take ji, tsakani da Allah, ba na faɗansa ba. Tsoron ganin fuskarsa take in ta faɗa.

Ta ce a ranta za ta faɗa masa bayan abincin rana. Ta shiga ɗaki neman fayil.

Tana durƙushe gaban durowa ta ji injin a-kori-kura ya tashi, ta ji ƙarar sarƙa. Sannan muryar tsohon daga tsakar gida, yana kiran jikarsa, mai ce masa Oupa:

"Mienke! Zo nan, 'yar ƙwadon Oupa! Shekara tara ai an girma. Bana ke ce mai tsumma!"

Elsabe ba ta san lokacin da ta kai ƙofar kicin ba. Har ya fito da karaban daga rumfa, ya daidaita shi a bakin lungun da ke tsakanin gida da katanga. Lungun nan in karaban ya shiga, tazarar da ke saura kowane gefe ba ta fi tafin hannu biyu ba, ƙarshensa kuma bango ne. Ga Mienke can a ƙurya, kusa da kekenta da ke jingine da bangon, ta riƙe jan tsumma hannu bibbiyu, baki har kunne.

"Kawo nan," in ji Elsabe. "Shiga ciki."

"Mamma, Oupa ne ya ce ni..."

"Na ce shiga!"

Ta fizge tsumman, ta tura yarinyar ta ƙofar kicin. Ta buɗe baki za ta ƙwala wa tsohon kira, sai ta fasa. In ta hana shi da baki, musu zai yi har gobe, ya ce likitoci maƙaryata ne. Ta tsaya daidai inda Mienke ta tsaya, ƙofar na taku ɗaya daga hagunta.

Karaban ya fara tahowa. A hankali, santsi, ba ko gargada. Kai, tsohon nan gwani ne, hannunsa ya haddace lungun. Har ta fara cewa ko ita ce ta zaƙe, ko idon bai kai yadda takarda ta ce ba. Ta kaɗa tsumman dama don ta gwada. Karaban bai karkata ba. Ta kaɗa hagu. Ko gezau.

Taku shida. Ta ɗaga tsumman sama, iya tsawon hannunta, saitin madubinsa. Tana hango farin gashinsa a ciki, ya ƙura wa madubin ido.

Taku huɗu. Tana jin warin roba da zafin rana ya gasa. "Ka gani mana, Pa," ta ce a ƙasan maƙoshi. "Don Allah ka gani."

Taku biyu. Ta faɗa ta ƙofar kicin, kafaɗarta ta daki firij. A bayanta ƙarfe ya yi ƙara, ƙarrr, keken Mienke ya lanƙwashe tsakanin karaban da bango.

Inji ya mutu. Sai ihu, irin wanda ba ta taɓa ji daga bakin ubanta ba, ko ranar jana'izar Ma Rika.

"Mienke! Mienke! Wayyo Allahna!"

Lungun ba ya shiguwa, sai ya zagayo ta ƙofar gaba, yana tuntuɓe da kujeru. Ya faɗo kicin ya ruƙunƙume Elsabe, yana shafa kanta, sai a lokacin ya gane ba jikar ba ce. Mienke na raɓe a bayan tebur tana kuka.

"Ni ce a wurin," in ji Elsabe. "Tun taku shida na ɗaga. Pa yana kallon madubi."

Ya zame ya zauna a ƙasa, dirshan, mutum mai shekara saba'in da ɗaya. Ya miƙa hannu, Mienke ta zo ta shige jikinsa.

"Na ɗauka hannuna zai ishe ni," ya ce daga baya. "Na san hanyar nan kamar yunwar cikina." Ya goge fuska. "Shi ke nan. Ki buga wa masu sansanin 'yan hutu ki ce su ba wani wurinmu. Tafiya ta mutu."

Elsabe ta jawo jakarta, ta zaro takardar ta sa masa a hannu. Ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta, ya sake kusantowa. Sai ya miƙa wa jikarsa.

"Karanta wa Oupa."

Mienke ta ja majina, ta karanta sunan uwarta, ta karanta inda aka rubuta an yarda ta ja kaya mai nauyi.

"Waƙar coci," in ji tsohon a hankali. "Ni dai na ce, ke da wannan muryar taki ta agwagwa?"

Ya dafa tebur ya miƙe. Ya ce makulli na jikin mota, ta ja karaban gaba a cire keken, sannan ta sake shigowa da shi, don bai yarda da gwajin kowa ba sai nasa. Ya ce ta riƙe sitiyari daga ƙasa, kar ta yi gaggawa.

Elsabe ta hau. Ta matso da kujerar gaba, kujerar da ba a taɓa matsarwa ba. Ta ja gaba, ta tsaya, ta sa ribas, ta duba madubi.

Yana can ƙarshen lungu, inda Ma Rika take tsayawa, ya tura jikarsa cikin kicin, jan tsumman a hannunsa.

"Taho!" ya ƙwala mata. "In ya matso kusa ina gani!"